Fallayen lakar gindin tafki: shekaru ne ko ruwan tsufana?

Ɗan Kaltungo: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. A nazarin Littafin Farawa an tayar da maganar lakar gindin tafki, wai kowane falle shekara guda ne, har ana ƙirga dubbai goma-goma. To ina aka bar lissafin Bishop Ussher, da ya sa halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Yesu?

Malamar Billiri: Ɗan'uwa, falle biyu ne shekara: mai haske da mai duhu, kamar a ce lakar damina da ƙurar hunturu. Amma ba kowane ruwa ke ajiye su ba. Dam irin na Dadin Kowa, kogin Gongola na shigo masa da laka da ƙarfi. Sai tafki mai zurfi, marar iska a gindinsa, inda tsutsa ba ta dama lakar. Haka tafkin Suigetsu na Japan yake: zurfin ruwansa mita 34, kaurin fallayen lakar gindinsa ya kai mita 45, lakar shekara guda ba ta cika milimita ɗaya ba.

Dattijon Tula: Malama, a yi hattara. Dutsen St. Helens na Amurka da ya yi aman wuta a 1980 ya shimfiɗa fallaye masu yawa cikin sa'o'i. A tafkin Walensee na Suwizalan kuma an samu falle sama da 300 cikin shekara 160, saboda ambaliya. Ruwan tsufana fa?

Malamar Billiri: Gaskiyarka Baba, ambaliya na ƙara falle. Sai dai ana gane nata a madubin bincike: tsaki a ƙasa, lallausar laka a sama, babu ɓawon ƙananan halittun ruwa da ke yaɗo lokaci guda a shekara. Kuma ba ƙirga kaɗai aka dogara da ita ba. A 2006 an haƙa rami huɗu kusa da juna a Suigetsu, domin inda bututu ya yanke lakar a wani ramin, ɗaya ya cike giɓin. Aka tsamo ganyaye aka yi awon kabon-14, wato sinadarin da ake gane shekarun mataccen tsiro da shi, kusan sau 800. Kabon ɗin na raguwa rabi duk shekara 5,730, kuma an ga yana raguwa daki-daki gwargwadon zurfi, har zuwa lakar shekara 50,000 da suka wuce. Da ruwa ɗaya ne ya zuba lakar, da ganyen sama da na ƙasa sun ba da awo ɗaya. A ganina nan ne masu cewa shekarun duniya 6,000 ne ba su kawo amsa mai gamsarwa ba.

Ɗan Kaltungo: Na gode Malama. Baba, me za ka ce kan ganyayen nan?