Faɗuwar gaba ba gaira ba dalili, ya zan yi da ita?

Baƙuwa:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Haka kawai ina zaune sai in ji gabana ya yanke ya faɗi, zuciya na bugawa da ƙarfi, tafin hannu ya jiƙe da zufa, numfashi ya ƙi sauka, wallahi ji nake kamar yanzu zan mutu. Da dare kuma tunani ba ya barina in runtsa. Yanzu har na daina shiga mutane don kar abin ya taso min a gabansu. Akwai abin da zan iya yi da kaina in samu natsuwa?

Yaya Babba:
Sannu ƙanwata, Allah ya yaye miki. Kafin komai ki je asibiti a auna ki, don ƙarancin jini da matsalar tayirod ɗin nan ta wuya duk suna kawo bugun zuciya irin haka. In aka ce lafiya lau to fargaba ce, kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ke fama da ita. Jiki ne yake zaton akwai haɗari sai ya saki sinadarin adirenalin ya shirya ki gudu, alhali babu abin gudun. Yawanci cikin minti 10 abin yake kai ƙololuwar ƙarfinsa, daga nan ya fara sauka. In ya taso ki dafa cikinki, ki shaƙi iska ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake ta a hankali kina ƙirga shida, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ita ce ke lafar da zuciyar.

Mai Haƙuri:
Ni fa inda hankalina ya tsaya shi ne da kika ce kin daina shiga mutane. 'Yar uwa nan ne tarkon yake. Na yi irin wannan zaman ɗakin, duk ranar da na ƙi fita sai in ji sanyi a raina, washegari kuma tsoron ya ninka, don ƙwaƙwalwa ta ɗauka ɓuyan ne ya cece ni. Ki fara da kaɗan, ki tsaya a ƙofa ki gaisa da mutum ɗaya, ƙafa na rawa ma kar ki koma ciki sai kin ji abin ya ragu, gobe ki ƙara. Tunanin dare kuma ki ware masa minti 15 da yamma ki rubuta shi duka a takarda, in ya zo miki a gado ki ce masa sai gobe.

Abokin Tafiya:
Duk gaskiya suka faɗa. Ki rage kofi da lemukan ƙara kuzari, ki ajiye waya kafin barci, ki riƙa tattaki kullum. Kuma don Allah kar wani ya ba ki ƙwayar kwantar da hankalin nan diazepam ki sha ba da izinin likita ba, jiki na sabawa da shi, barinsa wahala ne. In abin ya hana ki harkokinki, ko kika fara tunanin cutar da kanki, kar ki tsaya dabarun gida, ki ga likitan ƙwaƙwalwa, akwai magani ta hanyar tattaunawa da ake kira CBT wanda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, yana aiki sosai.

Baƙuwa:
Na gode ƙwarai, zan fara da awon jinin. Anti Mai Haƙuri, in ina tsaye a ƙofar ya taso min, numfashin zan yi ko in bar shi ya wuce da kansa?