Keji ɗaya, tsuntsaye iri-iri: wa zai zauna da wa?

Mai Lambu (Ringim): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na kusa gama wani ƙaton keji a lambuna, tsawo mita 10, faɗi mita 6, tsayi mita 3 da rabi, ga hotonsa nan na turo. So nake yaran ƙauyukanmu su samu wurin kallo da sallah, ba sai an yi shatar mota zuwa gidan zu na Audu Bako a Kano ba. Ina da ɗawisu namiji da mata biyu, zabi takwas, tantabaru, baji da lobbad (ƙananan tsuntsaye dangin aku), kanari (ɗan tsuntsu mai waƙa), agwagi uku da kajin gida. Wani kuma ya yi min tayin burtu da gauraka. In zuba su gaba ɗaya?

Sarkin Tantabara: Wa alaikumus salam. Alhaji, zo mu zauna zo mu saɓa kake shirin haɗawa. Fara cire lobbad. Ƙanƙantarta na ruɗin mutane, amma jinin aku ce, bakinta kamar filaya. Na taɓa haɗa su da kanari saboda launinsu ya dace a ido. Sati biyu lafiya lau. Wata safiya na tarar da namijin kanarin da ya fi kowa murya a ƙasa yana dogarawa da fiffike, yatsu biyu babu, ga jini a kan sandar da yake kwana. Ita kuwa tana gefe tana gyaran gashi kamar ba ita ba. Mai lanƙwasasshen baki ka bar shi da 'yan uwansa. Baji ma, duk da ya fi sauƙin kai, matansa in suka fara neman gurbi faɗa suke har da kisa.

Auta: Baba Sarki, ni fa na ga baji da kanari tare a gidan wani, ba abin da ya faru.

Sarkin Tantabara: Ka koma gidan in sun fara ƙwai, sai ka zo ka ba mu labari.

Malamin Dabbobi: Ranka ya daɗe, ni kajin ne suka fi tsaya min a rai. Akwai wata tsutsa da ke zama a hanjin kaza, a cikin ƙwanta ƙwayar cutar da ake kira baƙin kai take ɓuya. Kaza na yawo da ita garau, amma ɗawisu da talo-talo in suka tsinta, hanta take ci. Za ka ga tsuntsu ya saki fukafukai, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa, kafin ka farga ya tafi. Ƙwan tsutsar kuma yana shekaru a cikin ƙasa bai mutu ba. To wurin da ka kafa kejin, kaji sun taɓa zama a kai?

Mai Lambu (Ringim): Wallahi nan ne tsohon akurkin uwargida.

Malamin Dabbobi: To a kwashe ƙasar saman, a zuba sabon yashi mai kauri, in da hali a yi daɓen siminti a ƙarƙashi. Zabi ma suna iya ɗaukar tsutsar, don haka maganin tsutsa a kai a kai ba fashi. Duk sabon tsuntsu, daga kasuwar Maigatari ya zo ko daga Wudil, ya yi kwana 30 shi kaɗai nesa da sauran. Rigakafin Niyukasil, cutar nan mai kashe kaji, kuma a yi kafin hunturu ya kama, ana samun na cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato a wurin malaman dabbobi.

Hajiya Mai Zabi: Alhaji, zabi da ɗawisu suna zama, na gwada. Amma takwas sun yi yawa a wannan fili. Da rani ba ka jin kansu sai surutu. Ruwan farko na sauka mazan za su fara tsere da juna, su zagaya kejin sau ba adadi, duk abin da ke ƙasa su bi ta kansa. Salwata biyu haka suka tattake min. Ka bar namiji ɗaya da mata biyu ko uku. Amfaninsu dai, maciji ko tunku ba ya matsowa ba su tashi unguwa ba.

Agwagwa kuwa ka yi mata nata wuri. Minti biyar ya ishe ta ta mai da kaskon ruwa taɓo, tantabaru su zo su sha.

Sarkin Tantabara: Gaskiyar Hajiya. Ciwon nan da ke sa wani abu kamar cuku a maƙogwaron tantabara, ta ruwan sha yake yaɗuwa. Ni yadda nake lissafi, keji hawa uku ne. Ƙasa ta ɗawisu da zabi ce, tsakiya ta tantabaru da kurciyoyi, can sama cikin rassa ta ƙanana masu cin gero. In kowa na da hawansa, da wurin cinsa, da inda zai ɓuya a daina ganinsa, rigima na raguwa. Kasko ɗaya shi ke haddasa faɗa. Ka sa huɗu a kusurwa huɗu, na ƙanana a rataye. Sandar kwanan ɗawisu ta yi sama sosai, don jelarsa kan kai mita ɗaya da rabi, kuma kada kaskon kowa ya kasance a ƙarƙashinta.

Ɗan Baturiya: Kawu, batun burtu kada ma ka fara. Ƙadangare, maciji, ɓera, ƙwai, ɗan tsako, duk abincinsa ne. Ko cilakowa da ba ta kai shi ba tana kwashe ƙwai a gurbi. Gauraka kuma ina roƙonka ka bar ta. Dattawanmu suna ba da labarin garkenta a fadamun Hadeja, yanzu sai ka shekara ba ka ji kukanta ba, kuma kamu don ajiyewa a gidaje na cikin abin da ya ƙarar da ita. Wanda ya yi maka tayin, da wuya in ba daga daji aka kamo ta ba. Ga shi in ta shiga lokacin aure, sara take da baki, ido take nema.

Sannan ka rufe aƙalla rabin saman da kwano. Nan wajenmu tsuntsayen ruwa na zuwa daga Turai duk hunturu, shi ya sa ma a 2008 aka sa dausayinmu na Baturiya da ke Jigawa cikin dausayoyin da duniya ta amince a kare. Kashin tsuntsun daji in yana faɗowa cikin kasko, ƙofa ce ta murar tsuntsaye. Wanda ya ga yadda aka yi ta binne kaji a gonakin Kano a 2006 ba ya wasa da wannan.

Auta: Wayar da aka kewaye kejin da ita fa? Ta kaji ce na gani a hoton.

Sarkin Tantabara: Ka yi ido, yaro. Kanari zai fice ta cikinta, ɓera ya shigo. Mai ido rabin inci ake sawa, a binne gindinta cikin ƙasa saboda gafiya. Ƙofa kuma biyu, ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki, tunda yara za su riƙa shige da fice.

Mai Lambu (Ringim): Allah ya saka da alheri. Ga inda na tsaya: ɗawisu uku, zabi huɗu, tantabaru da kanari a babba. Lobbad da baji kowa da kejinsa a gefe, agwagi su koma bakin rijiya. Mai gauraka zan ce masa na fasa. Saura kajin, wa zai gaya wa uwargida an kore su?

Hajiya Mai Zabi: Ka fara gina mata sabon akurki a bayan gida tukuna, sannan ka buɗe baki. Zabi huɗun da ka cire kuma kada ka kai kasuwa, in da mata a ciki ina so.