Kwamfuta ta hango hukuncin alƙalai ne, ko leƙen takardar amsa ta yi?

Aminu: Jama'a, ga abin da ya hana ni sukuni. A 2016 masu bincike daga jami'ar UCL ta Landan, da ta Sheffield da ta Pennsylvania, suka ba kwamfuta shari'o'i 584 na Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke birnin Strasbourg na Faransa. Ta ƙirga kalmomi kawai, ta faɗi inda aka samu gwamnati da laifi da inda aka wanke ta, kuma ta dace a kashi 79 cikin ɗari. Ni dai a wurina magana ta ƙare, na'ura ta gano yadda alƙali ke tunani.

Barista Hadiza: Malam Aminu, ka yi saurin shafa fatiha. Wane rubutu aka ba ta? Hukunce-hukuncen da kotu ta riga ta wallafa a rumbunta na HUDOC. Bayanin yadda abin ya faru da ke cikinsu ba daga bakin mai ƙara ya fito kai tsaye ba, kotu ce ta tsara shi. Duk wanda ya taɓa rubuta hukunci ya san in za ka kama mutum da laifi, tun daga labarin kake jera abin da zai kai ka can. Ka ba yaro jarrabawa da amsa a bayan takarda, sannan ka ce haziƙi ne?

Aminu: To ai sun cire sashen da aka bayyana hukuncin, Barista.

Barista Hadiza: Sun cire naman, romon yana nan.

Dakta Isa: Ku bari in raba gardama, ko in ƙara mata wuta. Daga baya wasu a jami'ar Groningen ta Holan sun sake gwadawa. Da suka koya wa tasu na'urar tsofaffin shari'o'i suka ce ta faɗi na shekarun da suka biyo baya, sai ta faɗo zuwa tsakanin kashi 58 da 68. Wanda ya jefa kwabo ma yana da 50. Abin da ya fi ba ni dariya, da sunayen alƙalan kaɗai, ba tare da labarin ƙarar ba, ta dace a kusan kashi 65.

Maryam: Allah gafarta Malam, wannan na ƙarshen ai ba abin dariya ba ne. In sunan alƙali na nuna inda shari'a za ta faɗi, an bankaɗo abin da lauya zai shekara yana karatu bai gani ba. Ni nan nake ganin amfanin abin. Wa zai zauna ya karanta dubban hukunce-hukunce don ya ga yaushe kotu ta fara yawaita maganar cunkoson gidajen yari?

Dakta Isa: Na yarda, 'yata, amma kalma ba ta zama wuri ɗaya. A 1978, a ƙarar Ireland da Birtaniya, kotun ta ce rufe wa fursuna kai da buhu, da hana shi barci, da tsayar da shi jikin bango na sa'o'i, cin zarafi ne amma bai kai azabtarwa ba. A 1999, a shari'ar wani mutum mai suna Selmouni da Faransa, ta ce abin da a da ba a kira azabtarwa ba yana iya zama azabtarwa nan gaba. Mai ƙirga kalma zai ga adadin kalmar "azabtarwa" ya hau, ya ce zalunci ya ƙaru, alhali mudun ne aka sauya.

Barista Hadiza: Kuma kar a manta, mafi yawan ƙararrakin da ake kaiwa Strasbourg tun a bakin ƙofa ake korar su, ba sa samun cikakken hukunci. Na'urar ba ta taɓa ganin waɗannan ba.

Aminu: Kun taru kun yi mini rubdugu. Na janye "ta gano tunanin alƙali". Amma kashi 65 ɗin nan na sunaye ba zan sake shi ba. Dakta, sunayen alƙalan duka aka ba ta, ko na shugaban zaman kaɗai?

Dakta Isa: Na duk waɗanda suka zauna. Bari in yi sallah in dawo, akwai sauran magana a kan wannan.