Wa ya taɓa zama a Rutland? Ku ba ni labari

Maman Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidana ya samu aikin kula da tsofaffi a Oakham, cikin gundumar Rutland, kuma wata mai zuwa za mu tare. Da ƙyar na gano wurin a taswirar Ingila. Don Allah wanda ya san shi ya faɗa min gaskiya.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara biyu na yi a can. Ba laifin idonki ba ne, tsawonta daga arewa zuwa kudu bai wuce mil 18 ba, mutanenta kuwa dubu 41 da 'yan kai a ƙidayar 2021. Garuruwa biyu ne kacal, Oakham da Uppingham, sauran duk ƙauyuka ne da gonakin alkama da tumaki. Ban da noma, sai makarantun kwana na 'ya'yan masu hali da kamfanin siminti na Ketton. Amma kada ki kuskura ki ce musu su 'yan Leicestershire ne, gundumar da ke maƙwabtaka da su. An haɗe su a 1974, suka yi ta fafutuka har aka mayar musu da gundumarsu a 1997. Na taɓa yin wannan suɓutar baki gaban wata tsohuwa da nake kula da ita, ranar ko shayina ba ta karɓa ba.

Ummi: Aunty, ki matsa wa Yallaɓai ya sayi mota kawai. Jirgin ƙasa na tsayawa a Oakham, amma motar haya ta ƙauyuka sai haƙuri. Ni naman halal da manja daga Leicester nake ɗauko su, in cika firiza.

Malam Habu: Ni ziyara ce ta kai ni, kuma ruwan ne ya tsaya min a rai. Rutland Water dam ne da aka gina a shekarun 1970, ya cinye ƙauyen Nether Hambleton. Cocin Normanton ma saura ƙiris ya tafi, jama'a suka tashi, aka cike ƙasansa da duwatsu, yanzu yana nan a bakin ruwa kamar jirgin da ya kafe. Na hau keke na ce zan zagaye dam ɗin, tafiyar mil 23. Ban kai rabi ba cinyoyi suka ce ba da su ba. Can ne wani dattijo mai madubin hangen nesa ya nuna min shahon nan mai kamun kifi. Daga Sikotlan aka fara kawo su a 1996, suka yi ƙyanƙyasar farko a 2001. Ya ce da sanyi ya kawo kai sai su nufi Senegal da Gambiya. Na ce masa lallai tsuntsun nan ya fi ni dabara.

Ummi: Ki kai yara tsohuwar fadar Oakham. Bangon zauren cike yake da takalman doki sama da 200, domin a al'ada duk basaraken da ya zo garin karo na farko sai ya bar ɗaya. Mafi tsufa na Sarki Edward na Huɗu ne, tun wajen 1470.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. To sallar Juma'a fa, Baban Sadiq?

Baban Sadiq: Leicester nake zuwa, wani lokacin Peterborough. Ki ce wa maigidanki ya roƙa a ba shi aikin dare ranar Juma'a tun kafin a fitar da jadawali.