Digiri na biyu a injiniyancin motocin tsere: Ingila ko Italiya?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Na gama injiniyancin makanika da sakamako mai kyau, na kuma kammala hidimar ƙasa. Burina in yi digiri na biyu a fannin motocin tsere, in Allah Ya yarda in samu aiki a wata ƙungiyar Formula 1. Makarantu uku nake ta karanta labarinsu a Ingila: Cranfield, Oxford Brookes da Southampton. Wacce ta fi? Mahaifina da yayana ne za su haɗa kuɗin, shi ya sa ba na son in yi gaggawa.

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Kafin a ce maka wacce ta fi, faɗa mana wane ɓangaren motar kake so ka riƙe. Ƙungiyoyin nan ba sa ɗaukar mutum don ya san mota gaba ɗaya. Wani aikinsa iskar da ke bi ta jikin mota kawai, wani taya da shokozoba, wani batir da injin lantarki, wani zaren kabon da ake gina jikin motar da shi. Manyansu suna da ma'aikata kusan dubu ko fiye, kuma kaɗan ne suke zuwa filin tsere. Sauran suna masana'anta, gaban kwamfuta ko gaban injin.

In iska ce ta ja hankalinka, Southampton. Kwas ɗinsu kacokan a kan motsin iska a jikin motar tsere yake, suna da babban ramin gwajin iska na R.J. Mitchell, kuma a can Adrian Newey, shahararren mai zana motocin Formula 1, ya gama karatu a 1980. Amma lissafi ne zalla, ka shirya masa. In kana son ka taɓa kowane ɓangare kafin ka zaɓa, Cranfield. Makaranta ce da ta fi mayar da hankali kan digiri na biyu zuwa sama, suna dab da Milton Keynes inda ƙungiyar Red Bull take, filin tseren Silverstone ma babu nisa. Suna da cibiyar gwajin karo wadda FIA, hukumar kula da tseren motoci ta duniya, ta amince da ita. James Vowles, shugaban ƙungiyar Williams tun 2023, ta nan ya bi.

'Yar Samaru:
Yaya, ni a Brookes na yi, kuma zan kare ta. Abin da ya sa na zaɓe ta ƙungiyar Formula Student ɗinta ce. Gasa ce ta ɗalibai da cibiyar injiniyoyin makanika ta Birtaniya ke shiryawa tun 1998, ana yi a Silverstone duk bazara. Ku ƙera ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya da hannunku, ku kai ta a gwada.

Kafin a bar motarku ta taka titi sai ta tsallake bincike. Za a ɗaure ta a kan wani dandali da direba a ciki, a karkata ta digiri 45 a duba ko mai ko ruwa na zuba, a ƙara zuwa digiri 60 a ga ko za ta kife. Direba kuma, da bel a ɗaure da hannu a sitiyari, dole ya fito cikin daƙiƙa 5. Daga nan sai alƙalan zane, akasarinsu injiniyoyi masu aiki a masana'antar. Ɗaya daga cikinsu ya tsuguna gaban tayar gaba, ya ɗora yatsa a kan ƙarfen da na zana, ya ce me ya sa kaurinsa ya zama haka, wane nauyi na lissafa, na gwada shi a zahiri ko a kwamfuta kawai na tsaya. Ranar da na je ganawar neman aiki, irin waɗannan tambayoyin aka yi min, kusan babu wanda ya tambayi makina na jarrabawa.

Ga kuma wuri. Williams tana Grove, Alpine tana Enstone, Haas tana da reshe a Banbury, duk a yankin Oxford. Mercedes tana Brackley, babu nisa sosai.

Ɗan Gwammaja:
Allah Ya saka da alheri, Yaya da 'yar'uwa. Gaskiya na fi karkata ga yadda mota ke riƙe titi a kwana, taya da shokozoba. Aikin kammala karatuna ma a kan girgizar sifirin na yi. To amma ban taɓa shiga Formula Student ba. Wannan ba zai kashe min takarda ba?

'Yar Samaru:
Ba zai kashe ba, amma ka sani za ka tarar da waɗanda suka shekara uku a ciki. Kwas ɗin Ingila shekara ɗaya ne, kuma kamfanoni suna fara tallata guraben sababbin injiniyoyi tun kana watannin farko. Kada ka jira sai ka sauka. Tun yanzu ka zauna da manhajojin lissafi na MATLAB da Simulink, ka gina lissafin kwata ɗin mota, wato taya ɗaya da sifirin da shokozoba, ka ga yadda take amsa gargada. Akwai manhajar FastF1 a yaren kwamfuta na Python, kyauta ce, tana ba ka bayanan gudu da birki da giya na motocin Formula 1 tun daga kakar 2018. Ka ɗauko zagayen direbobi biyu a fili ɗaya, ka nuna a wace kwana ɗaya ya tsere wa ɗaya da dalilinsa. Ka tara irin waɗannan a wuri guda inda mai ɗaukar aiki zai iya buɗewa.

Malam Mai Sifana:
Ni kam ina da ja a kan maganar gaba ɗaya, ku yi min haƙuri. Yaron nan ya ce kuɗin gida za a haɗa. Takardar da aka rubuta "motocin tsere" a kanta ƙofarta ƙarama ce, masu neman shiga kuwa daga ko'ina a duniya suke. Me zai hana ya yi digiri na biyu a injiniyancin mota gaba ɗaya, ko na lantarki da batir, ya shiga Formula Student a gefe? Dokokin Formula 1 na 2026 sun cire MGU-H, wato na'urar da ke samar da lantarki daga hayaƙin injin, sun ɗaga ƙarfin injin lantarki zuwa kilowat 350, kusan rabin ƙarfin motar ke nan. Wanda ya iya batir da sarrafa wuta ana nemansa a tsere, ana nemansa a wajen tsere. In abin bai yiwu ba, ya dawo gida da ilimin da zai ci abinci da shi. Ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya.

Baba Injiniya:
Malam, maganarka tana kan hanya, kuma da yawa daga abokan aikina ba su yi kwas ɗin tsere ba, wasu injiniyancin jirgin sama suka karanta, wasu lissafi. Inda na saɓa da kai shi ne, ɗan gida yana da lokaci da hanyoyi, baƙo ba shi da su. Abin da baƙo ke saya a Cranfield ko Brookes shi ne kusanci: injiniyoyin ƙungiyoyi suna zuwa ba da lacca, ayyukan bincike na ƙarshen shekara wasunsu daga kamfanonin suke fitowa, tsofaffin ɗalibai suna cike da masana'antar. Kuma ilimin taya da shokozoba da ƙanina ke so, kamfanonin motocin titi ma suna ɗaukar masu shi.

Ƙanina, kada ka kafa ido a kan Formula 1 kaɗai. Akwai Xtrac a Thatcham masu giyabos, AP Racing a Coventry masu birki, Cosworth a Northampton, Prodrive a Banbury, M-Sport a Cumbria masu motocin rali. Akwai Formula E, tseren motocin lantarki, da tseren awa 24 na Le Mans. A ƙaramin kamfani za a ba ka aiki na gaske da wuri, daga nan manyan su ɗauke ka.

Hajiyar Modena:
Kun manta da Italiya. A 2017 jami'o'in Bologna, Modena da Reggio Emilia, Ferrara da Parma suka haɗa kai da kamfanonin yankin, irin su Ferrari, Lamborghini, Ducati da Dallara, suka kafa MUNER, shirin haɗin gwiwa na digiri na biyu a injiniyancin motoci. Da Turanci ake koyarwa, shekara biyu ce, kuma akwai reshen zanen motar tsere da ake yin wani ɓangarensa a makarantar Dallara da ke Varano de' Melegari. Kuɗin makaranta bai kama ƙafar na Ingila ba, sannan ER.GO, hukumar tallafin ɗalibai ta yankin, tana ba da tallafi gwargwadon ƙarfin gidanku, har da ɗaliban waje. Guraben kaɗan ne, ana tacewa sosai. Takardun shaidar samun kuɗin iyali sai an fassara an buga musu hatimi, wannan yana cin lokaci, ka fara da wuri. Ka kuma koyi Italiyanci, don a aji Turanci ne amma a bita da wurin cin abinci yarensu suke yi. Shekara biyun nan ni ina ganinta riba ce ga wanda bai taɓa Formula Student ba, zai ga gasa biyu.

Malam Mai Sifana:
To a yi maganar biza, tunda ita ce ke yanke hukunci. A Ingila kuɗin da za ka nuna sai sun kwana 28 a jere a asusu, ga gwajin tarin fuka, ga harajin lafiya fam 776 a shekara. Tun Janairun 2024 mai irin wannan kwas ba ya zuwa da iyali. Bizar zama bayan karatu shekara biyu ce, gwamnati kuma ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 daga 2027. Bayan ta sai kamfani ya tsaya maka. Chevening kuma, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana neman shekara biyu ta gogewar aiki, tana kuma ɗaure ka da komawa gida shekara biyu bayan gamawa, ka ga ba ta dace da burinka ba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Zan cire Southampton tunda ba iska nake so ba. Zan nemi Cranfield da Brookes da MUNER, in zauna da mahaifina da yayana mu lissafa na shekara ɗaya a Ingila da na shekara biyu a Italiya. Hajiya, in ba damuwa, wace takarda zan fara nema?

Hajiyar Modena:
Takardar sakamakonka ta kowane zango, tare da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa, don da shi suke auna ko ka yi isasshen lissafi da ilimin makanika. Sai shaidar Turanci. In sun ɗauke ka, za ka yi rajista a Universitaly, shafin gwamnatin Italiya na ɗaliban waje, kafin ka tunkari ofishin jakadanci. Ka je jami'arku wannan makon ka shigar da buƙatar takardar sakamakon, ka nemi kwafi biyu.