Me ya haɗa lissafin taurari da maganar mulki?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum. Ina ajin terminal, bak (jarrabawar gama sakandare) ya matso. Jiya mushen filozofi ya rubuta a allo cewa kimiyyar ƙarni na 17 ce ta sauya tunanin Turawa kan mulki, lokaci ya cika ya fita. Da dare kuran ya ɗauke, na yi ta juya kaye da tocilan har ƙarfe ɗaya, ban gane komai ba. Mai lissafin taurari ina ruwansa da sarki?

Tsohon Mushe:
Wa alaikumus salam ɗana. Yadda ake kafa hujja ne ya canza. Da, in an ce Aristo, masanin tsohuwar Girka, ya faɗa, magana ta ƙare. A 1610 Galile, masanin taurari, ya ɗaga madubin hangen nesa, ya ga watanni huɗu suna zagaya duniyar Jupita. Ke nan ba komai ke zagaya duniya ba. Dekart, masanin filozofi na Faransa, a 1637 ya ce kada ka karɓi magana sai ta fito fili a hankalinka. To wanda ya saba tambayar "ina hujja?" kan sama, wata rana zai yi irin tambayar ga sarkin da ke cewa Allah ne ya ɗora shi, ba mai tuhumarsa.

Dubi Hobs, masanin filozofi na Ingila. Yana da shekara kusan 40 ya kamu da son lissafin Yuklid na tsohuwar Girka, daga baya kuma ga yaƙin basasa a Ingila, har aka sare kan sarki a 1649. Sai ya gina mulki kamar lissafi: kowa na tsoron mutuwa, don haka kowa ya miƙa wuya ga mai iko ɗaya a zauna lafiya. Jon Lok, likita kuma abokin masanin kimiyya Niyuton, ya bi ta wata hanya a 1689: mulki amana ne daga jama'a, wanda ya ci amana a karɓe.

Yayar Birni:
Baba Mushe, a gaya wa yaron sauran mana. Monteskiye, Bafaranshen da ya kawo raba iko gida uku (yin doka, zartarwa da shari'a) a littafinsa na 1748, a cikin littafin nan ɗaya ya daskarar da harshen tunkiya, ya duba da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ƙurajen kan harshen sun noƙe. Daga nan fa ya yanke hukunci wai mutanen ƙasar sanyi jarumai ne, na ƙasar zafi kuwa raggwaye, mulkin danniya ya fi kama su. Harshen tunkiya! Da ma ya zo kasuwar Dole ta Damagaram a watan Afrilu da azahar ya ga masu tura kura da jarkokin ruwa. Shi Lok ɗin ma yana da hannun jari a kamfanin cinikin bayi. Ba na ce a watsar da su ba, amma da auna da zato duk a jaka ɗaya suka zuba.

Ɗan Zango:
Na gode Baba, na gode Yaya. Maganar harshen nan, in sa ta a jarrabawa?

Tsohon Mushe:
Sa ta, amma bayan ka gama bayanin raba iko. Kuma ka rubuta sunan Monteskiye da rubutun Faransanci, kada mai gyara ya rage maka maki.