Ƙuri'ar aike ko ƙuri'ar uzuri?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya ina rubuta labarin yadda tsofaffi ke zaɓe a Amurka na ci karo da abin da suke kira "absentee voting", wato mutum ya cike takardar ƙuri'arsa a gida, ya sa ta a ambulan, ya sa hannu, ya aika wa jami'an zaɓe ba tare da ya taka rumfa ba. Na fi rabin awa ina rubutawa ina gogewa.

Da farko na sa "zaɓen bayan ido". Da na karanta da ƙarfi sai na ji ƙanshin maguɗi. A Hausa, abin da aka yi a bayan idonka wani ne ya yi maka shi, kamar hukuncin da alƙali ya yanke ba ka nan. Alhali a nan tsohon da kansa ya zaɓa, da alƙalaminsa.

Wani malami ya ce min, "Ɗana, ka sa ƙuri'ar ga'ibi mana." Na ce Allah gafarta Malam, kunnen Bahaushe sallar ga'ibi zai jiyo, kuma maganar tsofaffi muke yi. Kada a ce mun yi musu fatan tsiya.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce "ƙuri'ar uzuri", don tana da tushe. A jihar Texas ba kowa ake ba wannan dama ba: sai irin su mara lafiya, ko mai naƙasa, ko wanda ba ya yankinsa lokacin zaɓe, ko wanda ya cika shekara 65. Haka Indiana da Mississippi, 65 ɗin ce. Tennessee kuwa daga 60 take farawa. Tsufa kansa ya zama uzuri ke nan, kamar yadda aka sauƙaƙa wa tsoho azumi. A 2020 har kotu aka je a Texas, ana cewa fifita tsofaffi ya saɓa wa gyara na 26 na tsarin mulki, na 1971, wanda ya hana tauye wa ɗan shekara 18 zuwa sama haƙƙin zaɓe saboda shekarunsa. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta yarda ba.

Sai dai fa kalmar tana da gajeriyar ƙafa. A Oregon, tun bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1998, kowa ta gidan waya yake zaɓe, yaro da babba. Wane uzuri kuma?

Shi ya sa na karkata ga "ƙuri'ar aike". Gajera ce, tana ɗaukar aikatau ba gargada: Baba ya yi ƙuri'ar aike, an ƙirga ƙuri'un aike. Tsorona ɗaya, kada a ɗauka ɗan aike ne zai je ya dangwala a madadinka. Wannan wani abu ne daban, akwai shi a Birtaniya, kuma "ƙuri'ar wakilci" ta ishe shi.

Ni dai aike na sa a labarin, uzuri kuma na bar wa jihohin da ke neman dalili. Wanda yake da wadda ta fi, ya kawo kafin edita ya farka.